Kalandar shafinmu ta ba Baffana ranar da ba ita ba

Anti Zaituna, don Allah ki taimake ni kafin Sallah ta iso.

Ni malamar kwamfuta ce a wata sakandare a Kazaure. Danginmu 'yan Gwiwa ne, kowace shekara muna taron zumunci kwana uku bayan Babbar Sallah. Bara na buɗe mana shafin intanet, na maƙala masa ƙaramar manhajar kalanda mai aika wa mutane tunatarwa ta imel. Don in huta, da na saka taron sai na danna "maimaita duk shekara". Ko kaɗan ban tuna cewa ita watannin Bature take bi ba, mu kuwa Sallah muke bi, Sallah kuma kowace shekara tana matsowa da kusan kwana goma sha ɗaya.

Makon jiya ta aika wa mutum tamanin ranar bara. Yawancinsu dariya suka yi, sun san lissafi. Banda Baffa Haladu, ƙanin mahaifina, da ke aiki a wani kamfani a Fatakwal. Shekara bakwai ba sa magana da Baba, tun wani ɗaurin aure da aka yi ba a gaya wa Baffa ba. 'Yarsa Zara ta yi ta lallashi har ya yarda zai zo. Da ya ga saƙon sai ya ɗauka an ɗaga taron ne saboda masu nisa irinsa, har ya ji daɗi, ya nemi hutunsa a kan wannan ranar, hutun da sau ɗaya ake ba shi a shekara. Zai iso kowa ya watse.

Na lallaɓa na gyara ba wanda ya sani, sai ya zama gyaran gangar Abzinawa: yanzu taron sau biyu yake fitowa, a wayar wasu kuma tsohuwar ranar ce kaɗai. Baba, Alhaji Sama'ilu, har ya sa an share ɗakin Baffa an yi masa fenti, shi Baffa bai ma sani ba. Zara ba ta ɗaga wayata. Idan Baffa ya ji, cewa zai yi da gangan aka sake ware shi. Akwai dabarar da zan gyara ba tare da an san ni ce ba?

'Yar Gwiwa mai fargaba

'Yata,

Babu. Imel ɗin da ya fita ya fita, kuma ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Na kalanda mai sauƙi ne. Kin gyara na bana kin bar umarnin maimaitawa yana nan, shi ya sa suka zama biyu. Ki goge jerin gaba ɗaya, ki saka sabon taro guda, marar maimaitawa. Sannan ki share tsohon kwafin da shafin ke ajiyewa, wanda masu sana'arku ke kira kash, ki duba a wayar wani. A kan taron ki rubuta ƙarara: kwana uku bayan Sallah, rana za ta tabbata in an ga wata. Daga yau kowace shekara da hannu za ki saka, na'ura ba ta duban wata.

Kin yi sakaci, ɓoyewar kuma ta fi kuskuren muni, domin kowace rana da kika yi shiru tana rage wa Baffanki damar sauya hutu. Shi ma in ya yi zargi kada ki ga laifinsa, an taɓa yi masa. Amma ki tuna shafinki ne ya kai masa gayyatar da a shekara bakwai ba wanda ya kai.

Yau ɗin nan ki hau mota ki je Gwiwa, ki durƙusa ki gaya wa mahaifinki komai, har da cewa Baffa bai san an share masa ɗaki ba. Sannan ki roƙe shi alfarma ɗaya: shi zai kira, ba ke ba. In ke kika kira, gyaran kwanan wata Baffa zai ji. In yayansa ya kira, zai ji cewa ana son ya zo. Ko hutun bai sauyu ba, wanda ya yi wa ɗaki fenti ba zai kasa sake yanka rago ranar da ƙaninsa ya sauka ba.

Ki latsa lambar Baffa da kanki, ki miƙa wa mahaifinki wayar, ki fita ki ba su wuri. Allah ya daidaita tsakaninsu, ya kai mu Sallah lafiya.

Anti Zaituna