Tsuntsayena Sun Koma Gidan Tanko

Ƙanena Sule, gaisuwa mai yawa. Yaya jikin Inna, yaya iyali?

Ka tuna kwakwar manjan da na dasa bayan gida da muka dawo Fatakwal bayan yaƙi? Bana tsuntsayen nan masu saƙa sun yage ganyenta tas. Ina murna wurina za su yi sheƙa, ashe bishiyar maƙwabcina Tanko suke kai wa, mutumin da jiya-jiya ya zo aikin mai! Har leƙowa yake ta katanga, wai, "Baba, arziki ya sauka gidana, mun gode da kayan gini."

Aiko mini geron gonarmu in zuba musu, ko sa dawo. Ku sa ni a addu'a, ban da Tanko. Gai da kowa.

Yayanka, Garba.