Hoton da na yanke wa Hadiza

Laraba da dare, Catford

Na yi booking ɗin masaukin hutunmu ni da Hadiza, abokiyar aikina, a yankin Kent, amma hankalina ya ƙi kwanciya. Gida biyu na samu. Ɗaya a ƙauye, bakin hanyar keke, ɗayan a tsakiyar gonar inabi, inda kowace yamma ake zuba wa baƙi giyar inabi su ɗanɗana. Na biyun na zaɓa, don gaskiya abin da ya ja ni ke nan. Da zan tura wa Hadiza hoton, sai na yanke kwalaben da ke kan tebur.

Yau a wurin aiki ta nuna min hular kwanon da ta saya, mai hawa kan hijabi. Ta yi wata guda tana koyon keke saboda tafiyar nan, gwiwarta duk ta ƙuje.

Na ce, "Ba za ki duba wurin da kanki ba?"

Ta yi dariya. "Haba Rifkatu, in duba me? Ai ke ba za ki kai ni inda zan ji kunya ba."

Ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige. Har Juma'a ana iya cancel, a soke booking ɗin. Gobe zan nuna mata hoton yadda yake, har da kwalabensa.