Garmar Da Ta Ƙi Yin Baƙi

Safiya: duba kwatarniyar makuba.

Zuwa ga Inna,

Gaisuwa da ladabi irin na ɗa ga mahaifiya. Ina fatan makwancinki da sanyi. Mu nan Burumburum lafiya, sai ƙanwarki Iya Dije da ke kwance tun kaka.

Kin san kayan haƙar kabari na unguwa a zaurenmu suke tun zamanin Baba, ke ce kuma mai kula da su. In kin fitar da kalwar daddawa, ba kya zubar da ɓawon ɗorawa, wato makuba. Ki jiƙa shi har ruwan ya koma kamar jinin da ya kwana, ki tsoma ƙarafan. Su fito baƙi wuluk, tsatsa ba ta kama su har damina ta wuce. Kikan ce, “Ƙarfen da zai yi wa mutum ɗakin ƙarshe ba a barinsa da dauɗa.”

Bana na yi yadda kike yi. Dagi ya yi baƙi, gatari ya yi. Garmar da aka haƙa naki kabarin da ita ce kaɗai ta ƙi. Na kankare ta da yashi, na sake jiƙo, na canza kwatarniya. Ja take fitowa. Na zaci ni na manta wani abu. A makarantar Midil an koya mana ruwa da iska ke kawo tsatsa, ban kuma daina yarda ba.

Da na ba Iya labari sai ta yi dariya, ta ce ai ita ce garmar ke jira. Ran da garmar ta yi baƙi, ita ma ta shirya tafiya. Na ce camfi ne. Amma tun ranar, Inna, nake rage makubar ina ƙara ruwa.

Yau na ɗago garmar daga ruwan da ya kusa zama fari. Baƙa ƙirin, har gindin ƙota.

Na leƙa Iya. Ta sha kunu, ta sa an wanke mata kai. Kullum sai ta tambaye ni garmar. Yau ba ta tambaya ba.

Innata, da kina nan da kin gaya mini abin da na yi ba daidai ba. Allah ya jiƙanki, ya haskaka kabarinki, ya bar mana Iya ko da zuwa girbi ne.

Ɗanki,
Sule

Gobe, in Allah ya kai mu:
– Kai wa Iya fura da sassafe.
– Zubar da ruwan kwatarniya.
– Ƙotar garma ta yi sako-sako, a ɗaure.
– Wasa bakinta. Ko a bari tukuna.