Kuskuren Layi Na Bakwai

Goggo,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da kyau. Yaya ƙafar taki, tana barin ki fita? Ki gaishe min da Baba da su Yaya.

Ni lafiya ƙalau, aikin wankin asibitin ma na saba da shi. Sai dai a watannin baya na ɗan shiga wani hali. Ba ciwon jiki ba ne. In na dawo daga aiki sai in zauna bakin gado ko takalmi ban cire ba, in yi ta kallon bango. Abokiyar aikina ce ta ja ni wurin likita, kuma har yanzu ina zuwa. Likitar ta tambaye ni me hannuna ya iya, sai na tuna kwarashin saƙa da kika cusa min a akwati ina ta mita.

Goggo, na gode. Yanzu kullum ina saƙa layi biyu ko uku, ina yi ina sauraron abin da ke raina, na daina gudunsa. Har dariya nake in na tuna yadda kike warware min saƙa ki ce in sake.

Ga hular sanyi nan na aiko miki. Na san idonki, za ki ga kuskure a layi na bakwai. Ranar da na saƙa shi ce na fara gaya wa likita gaskiya, hankalina ba ya kan saƙar. Don Allah wannan karon kada ki warware.

Allah ya ƙara miki lafiya.

'Yarki