Salansar da Ta Ƙi Magana

Zuwa ga Autata,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Na koma biro da takarda ne saboda wayar da kika saya min ta lalace. Sai in ga sunanki, in ɗauka, magana kamar daga cikin rijiya.

Tsohuwar motar tseren nan mai kujera biyu ta tashi, na gama haɗa injin. Kin san halinta, da ta ɗan yi gudu baƙin mai zai yi zafi ya tsinke kamar ruwa. To na ɗaura mata ƙaramin lagireto na mai a gaba, inda iska ke dukansa, na kuma janye tiyon man daga jikin bututun hayaƙi kada ya ƙone. Wannan ya yi. Salansar ce ta gagare ni. Motar da a da in na tayar da ita, mahaifiyarki, Allah ya jiƙanta, take toshe kunne tun daga kicin, yanzu sai raɗa take yi. Na yanke tukunyar salansar, na cire farantan ciki ɗaya bayan ɗaya, har yanzu shiru. Ƙarfen zamani ne, ba shi da murya.

Mutanen layin ma sun watsar da ni, ba mai leƙowa. Ina jin kaɗaici, ba zan ɓoye miki ba.

Ki shafa min kan yara.
Babanki.

*

Zuwa ga ’yar maƙwabcina,

Assalamu alaikum. Ni ne telan da ke jikin garejin mahaifinki. Ki gafarce ni da shisshigi. Ba ƙara na kawo ba, ko da yake in ya tayar da motar nan har almakashi rawa yake a kan teburina, jaririn saman bene kuma ya daina barcin rana.

Jiya na tsaya a bayansa na yi sallama har muryata ta dushe, bai juyo ba. Yana durƙushe, kunnensa dab da bakin salansa, yana girgiza kai. Iyalina ta kai masa abinci, ta buga ƙofa har ta gaji ta dawo da shi. Mu dai mun kasa faɗa masa. Mutumin da tun mota ba ta tsaya ba yake gane ciwonta da kunne, wa zai iya? Ke ce tasa.

Na bar ki lafiya.
Tela.

*

Babana,

Ina gaishe ka da girmamawa, yara na ta tambayarka. Na yi murna da maganar lagireton, amma don Allah ka bar tukunyar nan haka, ka yanke ta ya isa.

Baba, wayar lafiyarta ƙalau. Salansar ma ba ta yi shiru ba, duk layin na jin ta. Maƙwabta kuma suna zuwa, suna sallama, suna komawa. Na yi kuka kafin na iya rubuta wannan.

Na san ba za ka yarda da bakina ba, kai da ko bakanike ɗan’uwanka ba ka yarda da shi sai ka gwada. Ka ajiye kofin gilashi a bakin teburin kayan aikinka, ka taka totur, ka zuba masa ido. In ka amince, zan zo mu je wajen likitan kunne.

Allah ya ƙara maka lafiya.
Autarka.

*

Auta,

Ina gaishe ku duka.

Na ajiye kofin. Ya yi ta tafiya da kansa har ya faɗo ya tarwatse, ina kallo. Ban ji faɗuwarsa ba.

Na mayar da farantan, na yi walda, amma ban tayar da motar ba. Ko na tayar, ba zan san ta yi daidai ba.

Ki zo ki saurara min.

Babanki.