Layin da Ya Kauce wa Kurumida

Kurumida,
9 ga Mayu.

Zuwa ga maigidana Norihiko,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kuma tarin nan ya sake ka. Yaya aiki, yaya zaman kaɗaici a Nagoya? Mu nan lafiya lau. An gama dashen shinkafa, kwaɗi sun karɓe gari. Babanka yana gaishe ka, ya ce in tambaye ka ko kana tune da hanyar gida.

Albishirinka: digirin tarihin nan da ya shekara goma sha tara a akwati ya samu aiki. Layin dogonmu zai cika shekara ɗari a watan Oktoba, kuma an ɗora mini rubuta ɗan littafin tunawa. Inna Tokue, shugabar kwamitin shirye-shiryen, ta ce, "Ke ce kika yi jami'a, 'yar nan. Rubuta mana abu mai daɗi, amma kada ya yi tsawo, idanunmu sun mutu."

Rabin labarin ka san shi. Don katako da siliki aka shimfiɗa layin, mutane gyara ne kawai. Bayan yaƙi ana cika shi har matakala. Da motoci suka yawaita aka so rufe shi, sai garuruwa bakwai suka haɗa kai suka karɓe shi. Yau tarago ɗaya ne, sau tara a rana, da 'yan makaranta da tsofaffi masu zuwa asibiti. Direba yana nuna kowace alama da yatsa yana kiran sunanta da ƙarfi, ko da kujeru kaɗai ke saurarensa. Ina son jirgin nan, amma kada ka faɗa wa kowa.

Babin da ba zai ba ni wahala ba shi ne dalilin da ya sa layin ya kauce wa ƙauyenmu da kilomita huɗu. Baba ya ba ni shi sau goma sha ɗaya a makon nan: yadda kakansa, dagaci Gonzaemon, ya kori safiyoyi masu auna hanyar jirgin, ya tuge turakansu ya watsa a rafi, don kada hayaƙi ya ɓata ganyen da tsutsar siliki ke ci. Saura wata biyar a yi bikin tuge turaka da muke kwaikwayon abin duk shekara, amma har ya fito da rigar ciyawar kakan ya shanya. Shekara talatin da ɗaya ke nan shi ke fitowa a matsayin dagacin, kuma ina jin a ranar kaɗai yake tafiya ba sanda.

Gobe zan je ma'ajiyar tsofaffin takardu a babban birnin jiha, in samo kwanan wata kawai.

Ka riƙa cin ganye.

Taka,
Chizuru.

Kurumida,
24 ga Mayu.

Norihiko,

Ina gaishe ka da kyau, da fatan wannan ta same ka cikin ƙoshin lafiya. Mu ma lafiya, sai dai na yi mako biyu ina cin abinci a gaban Baba kamar wadda ta fasa masa tukunya ta ɓoye.

Na samo kwanan watan. Na kuma samo abin da ban je nema ba. Kakan Baba bai kori kowa ba. Wasiƙu uku ya rubuta wa masu layin, shekara uku a jere, yana roƙon su biyo ta Kurumida. Ya yi musu alkawarin fili kyauta da masu haƙa. A ta uku akwai hatimin magidanta sittin da biyu, nasa a sama. Amsar injiniya layi huɗu ce: hawan tudun Kurumida ya yi tsanani, jirgi ba zai iya ba. Babu hayaƙi a ciki, babu tsutsa. Ashe mu aka ƙi, sai muka dawo gida muka ce mu muka ƙi, muka kuma sa wa abin ganga.

Na nuna wa Inna Tokue. Ta karanta, ta ninke, ta tura mini da yatsa ɗaya. Ta ce, "Kin ga abin da ke hana a aiki masu jami'a? An ce ki ɗebo ruwa, kin dawo da gindin rijiya. Tsohon nan shekararsa tamanin da huɗu. Ki bar masa kakansa."

Tana da gaskiya, kuma abin da ke ba ni haushi ke nan. Ba zan sa sunana a kan ƙarya ba, ka san halina. Amma mutumin nan shi ke ajiye mini ɓangaren kifi mara ƙaya tun ranar da na shigo gidan nan, yana yi kamar bai lura ba. In na buga takardun ba da saninsa ba, a gaban jama'a zai ji. In na ɓoye, na mai da shi yaro.

Ba shawara nake nema ba. Na san za ka ce in yi abin da na ga ya dace, kamar yadda ka ce lokacin labulen ɗaki.

Taka,
Chizuru.

Kurumida,
6 ga Yuni.

Maigida,

Gaisuwa da fatan alheri. Ina fatan zafin birni bai fara dafa ka ba. Na ga wasiƙarka, kuma ka faɗi abin da na ce za ka faɗa. Na gode.

Ranar Talata bayan karin kumallo na ajiye wa Baba hoton takardun kusa da shayinsa. Na shirya jawabi, da gabatarwa da kammalawa, ban samu damar yin ko ɗaya ba. Ya ɗauko gilashin ƙara girman rubutu, ya bi wasiƙun ɗaya bayan ɗaya, ya bi hatiman. Shayin ya huce. Can ya ce, "Sau uku? Mutumin da ko wuta ba ya roƙa a maƙwabta?" Ya tashi ya shiga lambu. Can ya wuni, haka ma washegari. Rigar ciyawar kuma ta ɓace daga inda aka shanya ta.

Ranar Alhamis ya ce in sa takalmin tafiya. Muka hau bas zuwa tasha. Muka tsaya har jirgin ƙarfe goma ya zo ya wuce, sannan ya juya ya fuskanci hanyar gida ya ce da ƙafa za mu koma. Na ce, "Baba, kilomita huɗu ne fa." Ya ce, "Na fi ki sani, malamar tarihi. Kin karanta tudun, ni zan auna shi."

Awa biyu da rabi muka yi. Sau shida yana zama. A zama na huɗu, wajen gadar dutse, ya ba ni labarin da ban taɓa ji ba: ƙanwar kakan ta rasu a kan hanyar nan, ana ɗauke da ita a kan ƙyauren ƙofa za a kai ta likita, shekara guda kafin wasiƙar farko. Ya ce kullum yana mamakin yadda mutumin da ya ga wannan zai kori jirgi. Bai taɓa tambaya ba, don rigar ta yi masa daidai.

Da muka iso bakin ƙauye Inna Tokue tana shanya wake. Ta ce, "Kai tsoho, surukar taka ce ke son gado da wuri?" Ya dafa sanda, sai da numfashinsa ya dawo, ya ce, "Tokue, injiniyan nan bai yi ƙarya ba. Ni ma da ni ne jirgin, da na kauce."

Ya ce a buga wasiƙun ukun duka, da hotonsu, kada a rage ko hatimi ɗaya. Bikin kuma yana nan, don a cewarsa wanda aka ƙi sau uku ya fi kowa ikon tuge turaka. Sharaɗinsa ɗaya ne: amsar injiniya ta zo da ƙananan haruffa. Na yarda. Ko a jami'a ba a hana wannan ba.

Ƙafafunsa sun kumbura, yana jiƙa su a ruwan ɗumi yana zagina a hankali. Ka zo a jirgin Asabar, kuma ka hau bas daga tasha.

Taka har kullum,
Chizuru.