Mun Binne Malam Bello Ba Takarda

Zuwa ga Hajiya, shugabar ƙungiyar da ke tallafa wa iyalan 'yan gudun hijira a cikin birni.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ki, ina fatan kina lafiya, ke da iyali da ma'aikatanki. Ni baduku ne a Jakara, nan aka haife ni, nan na tsufa ina ɗinkin fata. Ban saba rubuta wa manya wasiƙa ba, amma sau uku ina zuwa ofishinku na wajen Ƙofar Ɗan Agundi ana ce mini kina taro. Shi ya sa na fito da maganar fili, kowa ya ji.

Maganar iyalin Malam Bello ce. Makiyayi ne da 'yan bindiga suka tasa daga rugarsu, suka kore masa shanu, ya iso Kano da matarsa Hassi da 'ya'ya huɗu, ko tabarma babu. Na ba su ɗakin da nake ajiye fatu. Ku kuma kuka yi masa kati, duk wata a ba shi masara da wake da mai, a ba autarsu Adama maganin sikila. Wannan alheri ne, ban manta ba, Allah ya saka.

Na ɗaya. Da damina zazzaɓi ya kwantar da Malam Bello, a kwana na biyar Allah ya yi masa cikawa, bayan sallar asuba, a ɗakin nan. Ni na yi masa wanka, maƙwabta suka kawo likkafani, kafin rana ta yi zafi mun kai shi makwancinsa. Haka aka yi wa mahaifina, na kuma tabbata haka aka yi wa naki. Babu wanda ya tuna da takarda. Wa ke ajiye gawa ya tafi neman hatimi?

Na biyu. Ranar rabo na ɗauki katin na je. Ma'aikacinku ya ce sai mai katin ya zo ya dangwala yatsa. Na ce ya rasu. Ya ce to matarsa ta zo. Haba Hajiya, mace tana takaba! Sai da na je wurin limaminmu, ya ce lalura ce, ta fita da rana ta dawo. Na sa ta a gaba, ta tsaya a layi cikin maza tun safe har azahar, tana jan mayafi tana kuka ba sauti. Da layi ya zo kanta aka ce ba za a juya katin zuwa sunanta ba sai da takardar shaidar mutuwa daga asibiti. Me ya hana a faɗa mini haka tun farko? Wallahi ranar na ji kunyar furfurata, ni na fito da ita.

Na uku. Na je asibiti, suka ce ba a hannunsu ya rasu ba, ba za su rubuta abin da ba su gani ba, kuma gaskiyarsu ce. Na kawo takardar mai unguwa, da sa hannun liman da na mutum uku da suka ɗauki makara. Ma'aikacinku ko buɗe ta bai yi ba, wai masu turo muku tallafi ba su san mai unguwa ba. To su ba su sani ba, ku fa? Ba cikin ganuwar nan aka haife ku ba?

Wata uku ke nan katin a rufe. Abinci muna lallaɓawa, abin da muka ci shi suke ci. Maganin ne ya fi ƙarfina. Sau biyu ciwon yana kayar da Adama, tana ihu tana riƙe ƙafafu har maƙwabta su leƙo, idanunta sun yi rawaya. Ina jin ta daga inda nake aiki, in ajiye basilla in rasa abin yi.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne, Hassi ta gaya wa matata da zarar ta fita takaba za ta kwashe yaran ta koma daji, wai ta gaji da cinye abincin tsoho. Mun yi lallashin duniya, ta ƙi. Inda suka baro ba kowa sai masu bindiga, kuma saura mako uku ta fita.

Don haka, ranki ya daɗe, ina roƙonki. A saki maganin Adama yau, ba ruwansa da takarda. A turo ma'aikaciya mace ta shigo gida ta ɗauki yatsan Hassi, a mai da katin sunanta. A karɓi shaidar mai unguwa da liman. Ki kuma bincika ki ga katin gida nawa aka rufe haka, don ba Malam Bello kaɗai ne ya rasu a ɗakinsa ba.

Allah ya ƙara miki lafiya, ya sa aikin nan a mizaninki. Ranar da tawa da taki ta zo, Allah ya sa a gaggauta kai mu, kada kuma ya haɗa 'ya'yanmu da wanda zai ce su kawo shaidar cewa marayu ne.

Wassalamu alaikum.

Naki,
tsohon baduku, Jakara.